Malam Aminu Kano: Ɗan takarar da ya sha kaye, bai sauya sheƙa ba

Idan kai ɗan Bebeji ne, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, da wuya a ce ba ka san irin mutumin nan ba. Duk bayan shekara huɗu sai fostarsa ta dawo jikin bango a Kwanar Ɗangora, yana neman kujerar majalisar jiha. Ya nema ya faɗi, ya sake nema ya sake faɗi. Da an saka hotonsa a Facebook, sai mu yi masa caa da dariya, ana tambayar wai shi ba ya gajiya ne. To kafin ka danna alamar dariyar nan, tsaya ka ji labarin wani da ya sha kaye fiye da sau ɗaya, amma yau da sunansa ake kiran filin jirgin saman Kano da babban asibitin koyarwa na birnin.

An haifi Malam Aminu Kano a 1920 a unguwar Sudawa, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Yusufu, masanin shari'a ne da ya yi aiki a kotun alƙali. Ya yi makarantar Shahuci da Midil ta Kano, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fara koyarwa a Bauchi a 1942, inda ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur. Ya je ƙaro ilimi Landan a 1946, daga baya aka tura shi kwalejin horon malamai ta Maru. A zamanin da masu ilimin boko a Arewa ba su taka kara sun karya ba, irinsa ko kwanciya ya yi muƙami zai zo ya same shi. Sai ya ajiye aikin a 1950, ya shiga NEPU, jam'iyyar neman sawaba, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar. A 1953 ya zama shugabanta.

Daga nan aka fara shan kaye. Zaɓen 1951 hawa-hawa aka yi shi: a zaɓi wakilai, su zaɓi wasu, har a kai matakin lardi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko cikin birnin Kano, amma doka ta ba hukumar En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe. Da aka tankaɗe aka rairaye, 'yan sawaba na Kano suka tashi a tutar babu.

A 1954 Malam ya tsaya takarar majalisar tarayya. Wanda ya kayar da shi matashi ne ɗan shekara 25, Yusuf Maitama Sule na NPC, wanda daga baya ya zama Ɗanmasanin Kano. A 1956 ya sake fitowa, wannan karon yana neman kujera a Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, wato uwar majalisun jihohinmu na yau. Alhaji Ahmadu Ɗantata ya kayar da shi. Sai a 1959, yana da shekara 39, ya ci kujerar Kano ta Gabas ya tafi Legas. A 1964 kujerar ta suɓuce, Alhaji Mamuda Ɗantata ya karɓe ta. 'Yan Bebeji ku lura: mahaifin waɗannan biyun, Alhaji Alhassan Ɗantata, a garinku aka haife shi. Wato sau biyu Malam yana karawa da gidan da ya fi kowane dukiya a Kano.

Kada ka ɗauka kamfen ɗin wancan lokaci irin namu ne na ɗora bidiyo a TikTok. Mai bin tauraron NEPU yana iya kwana a gidan yarin En'e saboda taro ko lacca. Akwai gungun 'yan ta-kife da ake kira 'Yan Mahaukata, masu far wa 'yan sawaba. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka. Duk da haka Malam bai koma wajen masu fartanya ba, ko da yake can ne ake rabon muƙami. Abin da ya faɗa a karon farko shi ya ci gaba da faɗa: a rage wa talaka zaluncin haraji da aikin tilas, a gyara kotunan alƙalai, a sa 'ya mace makaranta, a ba ta 'yancin zaɓe. Ke 'yar'uwa da kike ɗaukar hoto da katin zaɓenki, ki sani a duk zaɓukan Jamhuriya ta Farko matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba. Sai a 1979 suka fara zaɓen shugaban ƙasa.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, ya riƙe ma'aikatar sadarwa, sannan ta lafiya, a gwamnatin Janar Gowon. Da siyasa ta dawo ya jagoranci PRP mai alamar makulli, ya nemi shugabancin ƙasa a 1979, ya zo na huɗu da ƙuri'a kimanin miliyan 1.7. Kaye ne kuma. Amma a shekarar ce irin da aka yi kusan shekara 30 ana shukawa ya fito: PRP ta cinye Kano da Abubakar Rimi, ta ci gwamnan Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnonin nan suka soke haraji da jangali. Tambayi dattijon gidanku a Riruwai ko Ƙofa yadda ake gudun mai karɓar haraji a da, za ka gane nauyin abin.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. Jam'iyyar ta dare biyu, Santsi da Taɓo, yaransa na kusa suka raba gari da shi. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana shirin sake tsayawa takara, kuma mace ya ɗauka mataimakiya, Bola Ogunbo. Gidansa na Gwammaja shi ne Mambayya, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta Jami'ar Bayero. Ka samu lokaci ka je ka ga ɗakin da ya rayu a ciki.

Yanzu lissafa: 1954, 1956, 1959, 1964, 1979. Zaɓe biyar, ɗaya ya ci. Da a kan wannan kaɗai ake auna mutum, da tuni an manta shi.

Sai dai fa a yi hattara, ba duk mai naci ne Malam Aminu ba. Wani takara sana'arsa ce: ya fito, a kira shi sulhu, a sallame shi, ya janye. Hanyar bambance su ba wuya. Duba fostocinsa na baya, jam'iyya nawa ya zaga? Abin da ya yi alƙawari a karon farko, shi yake faɗa yau? Tsakanin zaɓe da zaɓe, ana ganinsa a mazaɓa lokacin da gada ta karye ko asibiti ya rasa magani, ko sai kakar zaɓe yake tuno hanyar gida da taliya da atamfa? Matasan da ke bayansa littafi yake ba su ko gora?

Tun 2018 doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha zuwa 25. Majalisar Kano kujera 40 gare ta, kuma a nan ake amincewa da kasafin da zai gyara makarantar garinku ko ya tsallake ta. Idan kana da niyya, ka shirya wa faɗuwa tun yanzu, domin da wuya a ci a karon farko. Idan kuma kai mai zaɓe ne, kafin ka yi wa mai naci dariya ko ka bi shi da tafi, fara tambayarsa abin da yake nacin a kai.