Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, Haifaffen Maratta

A zamanmu na ƙarshen wata a unguwar Dar es Salam gardama ta tashi a kan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa. Waɗansu samarinmu sun ɗauka mutumin Najeriya ne kurum, waɗansu kuwa ba su san kome nasa ba sai yaƙi. Shi ne dattawa suka ce mu rubuta abin da ya sawwaƙa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

An haifi Shehu a shekarar 1754 a Maratta, cikin ƙasar Gobir. Maratta kuwa tana nan cikin Nijar, kusa da Galmi, yankin da muke ratsawa in mun hau mota daga Yamai zuwa Maraɗi. Bafulatani ne daga cikin Toronkawa. Mahaifinsa Muhammadu Fodiyo malami ne, mahaifiyarsa Hauwa'u. Yana yaro suka koma Degel, can ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi karatun littattafai wurin malaman danginsu, sa'an nan ya tafi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mazhabarsa Malikiyya, ɗariƙarsa Ƙadiriyya.

Ya fara wa'azi wajen 1774, yana da shekara ashirin. To, jama'a, daga nan zuwa hijira shekara talatin ke nan, ba takobi, ba tuta, sai karantarwa. Ya zaga Kabi, ya zauna Zamfara kimanin shekara biyar. Mutanen da ya tarar irin na ƙauyukanmu ne, manoma da makiyaya. Da yawa suna salla, amma kuma suna yanka wa itatuwa da duwatsu. Ba manyan littattafai ya fara buɗe musu ba. Yakan fara da tauhidi: Allah ɗaya ne, ba shi da abokin tarayya, ga manzanni, ga mala'iku, ga ranar tashin ƙiyama. Daga nan ya shiga tsarki, alwala da taimama, salla, azumi, zakka da hajji, kana hukuncin aure da ciniki. Da Fulatanci da Hausa yake yi, ana kuma sa karatun cikin waƙa don wanda bai san Larabci ba ya riƙe.

Akwai abu biyu da muke so dattawa da samari su lura da su. A zamaninsa an yi waɗansu ɗalibai masu tare talaka su yi masa tambayoyin ilmin tauhidi masu wuya, in ya kasa su kafirta shi. Shehu ya yi rubutu da yawa yana hana wannan. A wurinsa wanda ya yi kalmar shahada, yana aiki da ita, musulmi ne ko da bai iya hujjojin malamai ba. Har malaminsa Jibrilu, wanda yake matuƙar girmamawa, bai bi shi ba a kan kafirta musulmi saboda manyan zunubai, kuma ya saɓa masa cikin ladabi. Mu da muke ganin yaro ya karanta littafi biyu ya ƙi bin limamin garinsu salla, wannan ya ishe mu abin dubawa.

Na biyu shi ne mata. Shehu ya bar mata su zo wurin wa'azinsa. Wani malami, Mustafa Goni, ya zarge shi a kan haka, ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa cewa barinsu cikin jahilci ya fi muni. A littafinsa Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da almajirai, su bar matansu da ɗiyansu mata ba su san farillan salla ba. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta zama malama mai rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa.

Wajen 1788, da babbar salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya yi wa malamai kyauta. Shehu ya ƙi karɓar zinariyar, ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi kira, kada a hana wanda ya amsa, a girmama mai rawani, a saki fursuna, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya yarda.

Bayan Bawa al'amura suka ɓaci. Nafata ya hana rawani da lulluɓi, ya hana wanda bai gaji musulunci ba ya shiga. A zamanin Yunfa, cikin Fabrairu 1804, Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, aka yi masa mubaya'a. Aka gwabza a Tabkin Kwatto a wannan shekara, Alkalawa ta faɗi a 1808. Jagorancin yaƙi yana hannun Abdullahi, da ɗansa Muhammadu Bello, da Aliyu Jedo.

Ba za mu ɓoye ba, kakannin waɗansunmu suna ɗaya gefen ne. Katsinawa suka kafa sarautarsu a Maraɗi, Gobirawa a Tsibiri, aka daɗe ana yaƙi da Sakkwato. Shehun Barno, Muhammadu Alkanemi, shi ma ya rubuta yana musun halaccin yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Bello ya ba shi amsa. Wannan muhawara ce ta manyan malamai, ba mu ne za mu yanke ta a nan ba. Amma littattafan Shehu, irin su Ihya'us Sunna, ana karanta su a zaurukan malamai ta kowane gefen iyaka.

Da aka ci ƙasa bai zauna mulki ba. Ya bar gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, ya koma karantarwa da rubutu a Sifawa. Ya ƙaura Sakkwato a 1815, ya rasu a can ranar 20 ga Afrilu 1817, yana da shekara 62. Kabarinsa na Hubbare. Allah ya gafarta masa, da iyayenmu baki ɗaya, amin.