Tarihin Curt Flood, Ɗan Wasan Da Ya Ƙi Yarda A Sayar Da Shi

Duk wanda ya saba zama a gidan kallon ƙwallo, ko a Bebeji ne, ko Ƙiru, ko Tudun Wada, ko Doguwa, ya san irin gardamar da takan tashi idan lokacin cinikin 'yan wasa ya zo. Wannan ya ce a sayar da wane domin ƙafarsa ta mutu, wancan ya ce a sayo wane ko nawa ne kuɗinsa, wani kuma ya dage a kan akwai wani yaro mai tasowa wanda nan da shekara biyu ba mai iya tare shi. Sai ka ce dillalai a kara ranar kasuwa. Mu ma ɗalibai ba a bar mu a baya ba wajen wannan musu. Amma da wuya ka ji wani ya tambaya ko shi ɗan wasan da ake ciniki a kansa yana da ta cewa. Don haka na ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu tarihin wani baƙar fata na ƙasar Amurka wanda ya yi wannan tambaya a gaban alƙalai, ya kuma rasa sana'arsa saboda ita.

Wasan da ya yi ba ƙwallon ƙafa ba ne, besbol ne, wanda mutanen Amurka suka ɗauka wasan ƙasarsu. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Ɗaya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri, abokin hamayya ya maka mata kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu don ya zagaya tashoshi huɗu. Mutanen mai jifa kuwa suna warwatse a fili, aikinsu su cafe ƙwallon tun ba ta taɓa ƙasa ba. Can tsakiyar bayan fili, inda ake bukatar mai gudu da kaifin ido, nan ne wurin tsayuwar Flood.

An haifi Curt Flood ran 18 ga watan Janairu, 1938, a birnin Houston na jihar Teksas. Shi ne auta a cikin 'ya'ya shida. Tun yana ƙarami iyayensa suka ƙaura zuwa Oakland ta jihar Kalifoniya, a can ya yi makaranta, a can kuma ya koyi wasa. Iyayensa talakawa ne, shi kuwa ba shi da girman jiki, har wasu suna ganin ba zai kai labari ba. Duk da haka a shekara ta 1956, yana ɗan shekara 18, ƙungiyar Cincinnati Reds ta ɗauke shi.

Al'adar wannan wasa ita ce ba a jefa yaro cikin manya kai tsaye. Akan tura shi ƙananan ƙungiyoyi tukuna, a ga kamun ludayinsa. Sai aka tura Flood jihohin kudancin Amurka, inda a zamanin nan doka ta raba farare da baƙaƙe. Ba ya kwana a masaukin da abokan wasansa farare suke kwana, ba ya cin abinci a inda suke ci. Sau da yawa yakan zauna cikin mota su shiga su ci su fito. 'Yan kallo kuma suna zaginsa saboda launin fatarsa, har da magoya bayan ƙungiyarsa. Ya daure, ya yi wasan da ya sa aka zaɓe shi gwarzon gasar a wannan shekara. Amma abin da ya gani a kudu bai taɓa fita daga zuciyarsa ba.

A watan Disamba, 1957, Reds suka yi musayarsa, suka miƙa shi ga ƙungiyar St. Louis Cardinals. Wannan karo bai ce uffan ba, domin yaro ne mai neman wurin tsayawa. A St. Louis ya shekara 12, kuma a nan tauraronsa ya haska. Ya ci kyautar Safar Zinariya, wadda ake ba wanda ya fi kowa iya cafe ƙwallo a gurbinsa, har sau 7 a jere, daga 1963 zuwa 1969. Ya taɓa yin wasa 226 a jere ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Da shi Cardinals suka ci kofin zakarun ƙasar a 1964 da 1967, har ya zama ɗaya daga cikin kyaftin biyu na ƙungiyar. A 1968 ma sun kai wasan ƙarshe, sai ya yi kuskuren auna wata ƙwallo ta wuce ta kansa, Detroit Tigers suka ɗauke kofin. Daga nan dangantakarsa da masu ƙungiya ta soma tsami, ga kuma jayayya a kan albashi.

Ran 7 ga watan Oktoba, 1969, Cardinals suka haɗa shi da wasu mutum uku suka yi musayarsu da 'yan wasan ƙungiyar Phillies ta birnin Filadalfiya. Ba mai ƙungiya ne ya kira shi ba, wani ƙaramin jami'i ne ya sanar da shi ta wayar tarho. Mutumin da ya shekara 12 a gari, yana da abokai da harkokinsa, aka ce ya naɗe tabarmarsa ya koma inda ba a shawarce shi ba. Phillies a lokacin ba su da ƙarfi, kuma an san yadda wasu 'yan kallonsu suke gallaza wa baƙaƙen 'yan wasa.

A nan sai mai karatu ya ce, to, me zai hana ya nemi wata ƙungiya da kansa? Abin da ya hana shi wani sharaɗi ne da masu ƙungiyoyi suka ƙulla tun 1879, wanda za mu iya kira sharaɗin riƙo. Ma'anarsa ita ce, ko kwantiragin ɗan wasa ya ƙare, ƙungiyarsa na da ikon sabunta shi, kuma babu wata ƙungiya da za ta yi masa tayi. Watau zaɓinsa biyu ne kawai, ko ya karɓi abin da aka ba shi, ko ya bar wasa. Iyayenmu manoma za su fi kowa gane nauyin wannan. Ɗan ƙodago idan ya gama noman da aka yi jinga da shi, ya karɓi haƙƙinsa, gobe yana iya zuwa gonar wanda ya fi biya. A ce an kafa doka cewa duk wanda ka fara yi wa noma shi ne ubangidanka har ka tsufa, shi zai yanka maka lada, in ya ga dama kuma ya miƙa ka ga wani manomi a wani gari ya karɓi kuɗi. Haka 'yan besbol suka zauna shekara 90. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Flood ya je wurin Marvin Miller, shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan. Miller bai ɓoye masa kome ba. Ya nuna masa cewa Kotun Ƙoli ta riga ta goyi bayan masu ƙungiyoyi sau biyu, a 1922 da 1953, don haka da wuya ya yi nasara, kuma ko ya yi, ba lalle wani ya sake ba shi aiki a harkar besbol ba. Flood ya ji, ya ce zai ci gaba tunda na baya za su amfana. Wakilan 'yan wasa suka amince su biya kuɗin shari'a. Ran 24 ga watan Disamba, 1969, ya rubuta wa Kwamishinan wasan, Bowie Kuhn, takarda, inda ya bayyana cewa shi ba kaya ba ne da za a saya a sayar ba da son ransa ba, ya nemi a sanar da dukkan ƙungiyoyi cewa yana da 'yancin yin magana da kowa. Kwamishina ya ƙi. A watan Janairu, 1970, Flood ya kai ƙara, lauyansa kuwa shi ne Arthur Goldberg, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli.

To, a nan fa ra'ayin 'yan kallo ya bayyana. Albashin Flood a 1969 dala 90,000 ne, a lokacin da ɗan wasa matsakaici yake samun wajen dala 25,000, kuma Phillies sun yi masa tayin dala 100,000. Da ya kwatanta halinsa da na bawa a wata hira ta talabijin, yana nufin cewa yawan albashi ba ya mai da bawa ɗa, sai mutane suka yi masa caa. Da yawa suka ce butulu ne, ƙoshi ne ya yi masa yawa. Wasu suka ce idan aka saki 'yan wasa, ƙungiyoyi masu kuɗi za su kwashe gwanaye duka, wasan ya mutu. Wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta zuwa masa. Abin da ya fi ciwo shi ne, da aka zauna shari'a a New York, babu ɗan wasa ko ɗaya daga cikin masu bugawa a lokacin da ya zo ya ba da shaida a gefensa, don kowa na tsoron abincinsa. Tsofaffin da suka ajiye wasa ne suka tsaya masa, cikinsu har da Jackie Robinson, wanda a 1947 ya karya shingen da ya hana baƙaƙe shiga manyan ƙungiyoyi.

Ya faɗi a kotun farko, ya faɗi a kotun ɗaukaka ƙara. Ran 19 ga watan Yuni, 1972, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 5 suka ba masu ƙungiyoyi gaskiya, 3 suka goyi bayansa. Cikin ukun nan akwai Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zauna a wannan kotu. Har waɗanda suka kayar da shi sun yarda cewa gatan da aka ba besbol a doka bai yi daidai da na sauran wasanni ba, sai dai suka ce gyaran aikin majalisa ne.

Kafin wannan hukunci ma rayuwarsa ta riga ta dagule. Bai buga wasa ko ɗaya ba a 1970. A 1971 ƙungiyar Washington Senators ta ɗauke shi, amma ƙarfinsa ya ragu, wasa 13 kawai ya yi ya ajiye, ya bar ƙasar. Ya zauna a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, bashi ya yi masa katutu, shan giya kuma ya kama shi. Wannan aibi ne da ba za a ɓoye ba, domin ya cuci lafiyarsa da iyalinsa. Daga baya ya koma gida, ya yi aikin sharhin wasa a rediyo a 1978, ya kula da wasannin yara a Oakland, ya kuma samu ya rabu da giya.

Ƙofar da ya bubbuga kuwa ba ta daɗe ba ta buɗe. A 1973 aka amince cewa duk wanda ya shekara 10 a manyan ƙungiyoyi, 5 na ƙarshe a ƙungiya ɗaya, ba za a yi musayarsa ba sai da yardarsa. A watan Disamba, 1975, wani mai sasanta rikicin ƙwadago, Peter Seitz, ya yanke cewa 'yan wasa biyu, Andy Messersmith da Dave McNally, sun zama masu 'yancin kansu. A 1976 aka daidaita a kan cewa duk wanda ya cika shekara 6, idan kwantiraginsa ya ƙare, yana iya zuwa inda ya so. Wasan bai mutu ba kamar yadda aka yi ta tsorata mutane. A 1992 matsakaicin albashi ya haura dala miliyan 1, a watan Disamba, 2023, kuwa Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10 da ƙungiyar Dodgers. Flood bai ci ko kwabo daga wannan arziki ba. Ciwon daji na maƙogwaro ya kama shi, ya mutu a Los Angeles ran 20 ga watan Janairu, 1997, yana da shekara 59. A 1998 majalisar Amurka ta yi doka mai ɗauke da sunansa, wadda ta ba 'yan besbol kariyar da ya nema a kotu.

Ƙwallon ƙafa ma ta bi irin wannan hanya. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Jean-Marc Bosman, kwantiraginsa ya ƙare a 1990, ya so komawa wata ƙungiya a Faransa, ƙungiyarsa ta tsawwala kuɗi har cinikin ya rushe. Ya kai ƙara, a watan Disamba, 1995, kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya. A gida kuma mun ga amfanin irin wannan 'yanci. Ahmed Musa, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Nijeriya da Kano Pillars a 2010, ya buga a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya. Da ya rabu da Al-Nassr a 2020 ba shi da igiyar kowa a wuyansa, sai a watan Afrilu, 2021, ya zaɓi ya dawo Pillars da kansa. Magoya baya suka yi ta murna, amma kaɗan ne suka tuna cewa a wani zamani ɗan wasa ba shi da wannan zaɓi.

Gaskiya ne masu ƙorafi suna da abin faɗi. Yana da zafi ƙaramar ƙungiya ta reni yaro, da ya nuna sai mai kuɗi ya ɗauke shi, kamar yadda mukan ji idan gwanin unguwarmu ya koma buga wa wani gari. Amma maganin wannan shi ne a biya wanda ya yi renon haƙƙinsa, ba a ɗaure yaron ba. Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu burin zama 'yan ƙwallo da su riƙe karatu da kyau, domin wanda bai iya karanta takarda ba yana iya sa hannu a kan abin da zai ɗaure shi shekaru. Iyayenmu kuma, idan wani ya zo da alkawarin kai ɗanku waje, ku nemi wanda ya san doka ya duba takardun kafin ku amince. Mu kuma 'yan kallo, idan gardama ta yi zafi a kan wa za a saya wa za a sayar, mu riƙa tunawa cewa mutum ne mai iyaye da iyali ake magana a kansa. Allah ya ba mu ikon gane haƙƙin juna, amin.