Christian Dior: Mai zanen da ya farfaɗo da ɗinkin Faransa

An haifi Christian Dior ranar 21 ga Janairun 1905 a garin Granville na ƙasar Faransa. Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar takin zamani, wanda ya so ɗansa ya zama jami'in diflomasiyya, amma zuciyar yaron tana wajen zane.

A 1931 mahaifiyarsa ta rasu, arzikin gidansu kuma ya karye. Don neman na sakawa a baka, Dior ya koma zana rigunan mata da huluna a takarda, yana sayar wa gidajen ɗinki da jaridu. Zanen nan ne ya kai shi aiki wurin manyan masu tsara tufafi, Robert Piguet, sannan Lucien Lelong.

A 1946 hamshaƙin ɗan kasuwar masaƙu Marcel Boussac ya zuba masa jari, ya buɗe gidansa na ɗinki a birnin Paris. Ranar 12 ga Fabrairun 1947 ya baje kolin rigunansa na farko, masu matse ƙugu da dogon siket mai faɗi. A lokacin yadi na wuya saboda yaƙin duniya na biyu, don haka wasu suka zarge shi da almubazzaranci. Duk da haka 'yan kasuwar Amurka suka yi rububin kayansa, Paris ta dawo da martabarta.

Dior ya mutu a Italiya a Oktoban 1957 yana da shekara 52. Mataimakinsa Yves Saint Laurent, ɗan shekara 21, shi ya gaje shi.