Francis Frith: Ɗan kasuwar da ya adana kamannin ƙauyukan Ingila

A Ingila akwai masu sha'awar tara tsofaffin katunan wasiƙa masu hoto, irin waɗanda ake manna wa kan sarki a jefa a akwatin gidan waya ba tare da ambulan ba. Abin da da yawansu ke nema shi ne hoton karkara: majami'a mai hasumiyar dutse, dandalin kasuwa, gada a kan rafi, keken doki a ƙofar kanti. A jikin dubban waɗannan katuna akwai suna guda, Frith. Mai sunan ya rasu tun kafin kamfaninsa ya shiga cinikin katunan gadan-gadan, amma shi ya aza harsashin taskar da ta sa ƙauyen da bai taka kara ya karya ba a Ingila yake iya nuna kamanninsa na shekaru 100 da suka wuce.

Daga kanti zuwa kyamara

An haifi Francis Frith ranar 7 ga Oktoba, 1822, a garin Chesterfield. Iyayensa mabiya ɗariƙar Quaker ne, wani reshen Kiristanci da aka sani da ƙin yaƙi da ƙyamar cinikin bayi. Ya yi karatu a makarantun ɗariƙar, ya koyi sana'a a Sheffield, garin maƙeran wuƙaƙe da cokula, sannan ya koma Liverpool ya shiga sarin kayan masarufi. Kasuwa ta yi masa albarka. A 1853 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Liverpool, a 1855 kuma ya sayar da harkokinsa ya rungumi kyamara, bai wuce shekara 33 ba.

Ɗaukar hoto a wancan zamani aikin wahala ne. Sai an shafa wa farantin gilashi sinadari mai danƙo, a tsoma shi a ruwan azurfa, a ɗauki hoton, a wanke shi tun bai bushe ba, duk cikin 'yan mintoci. Saboda haka duk inda mai hoto ya nufa, da ɗakin duhunsa yake tafiya.

Da irin waɗannan kaya Frith ya yi tafiya uku zuwa Masar da maƙwabtanta tsakanin 1856 da 1860. Ya bi Kogin Nilu har ƙasar Nuba, ya je Falasɗinu da Siriya, yana amfani da faranti masu girman da ya kai inci 16 da inci 20, a zafin da kan sa sinadarin ya tafasa. Hotunansa na dalar Fir'auna da tsofaffin gine-gine sun yi kasuwa a Birtaniya, suka ɗaukaka sunansa. Sai dai wanda ya dube su da kyau zai ga cewa duwatsu ne a gaba. Mutanen ƙasar kuwa galibi an tsayar da su ne a gefe don a gane girman ginin. Wannan ita ce Masar da Turawan Ingila da yawa suka fara sani, kafin ƙasarsu ta mamaye ta a 1882.

Kowane gari, kowane ƙauye

Da ya dawo, ya auri Mary Ann Rosling a 1860, ya zauna a Reigate da ke kudu da Landan, inda ya kafa kamfanin F. Frith & Co. Burinsa shi ne ya ɗauki hoton kowane gari da kowane ƙauye a Birtaniya. Lissafin ɗan kasuwa ne. Jirgin ƙasa ya sa talaka ya fara yawon buɗe ido, dokar 1871 ta ƙara wa ma'aikata ranakun hutu, kuma wanda ya je baƙon wuri yana son ya koma gida da tsaraba.

Da farko shi da kansa yake zagayawa. Da aiki ya yi yawa sai ya ɗauki masu hoto, ya shimfiɗa musu salo guda, ya kuma sayi hotunan wasu ya buga da sunan kamfanin. Shaguna fiye da 2,000 suka riƙa sayar da kayansa. Abin da ya fi amfanar 'yan baya shi ne tsarin ajiya: kowane hoto yana da lamba, an kuma rubuta wurin da aka ɗauke shi a littafi. Da wannan lamba masu tara katuna ke gane shekarar hoto har yau.

A ƙarshen rayuwarsa ya fi karkata ga addini. Ya zama mai wa'azi a ɗariƙarsu a 1872, a 1884 kuma shi da abokansa biyu suka fitar da littafin A Reasonable Faith, wanda ya ja da tsattsauran ra'ayin da ya yi ƙarfi a cikinta. Ya rasu a Cannes ta ƙasar Faransa ranar 25 ga Fabrairu, 1898, yana da shekara 75.

Taskar da ta kusa salwanta

A 1894 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta yarda 'yan kasuwa su buga katunansu. A 1902 ta amince a raba bayan kati biyu, gefe na saƙo, gefe na adireshi, hoto ya cinye fuskar gaba. Kuɗin aikawa sisin kwabo ne, don haka katin ya zama saƙon gaggawa na kowa. Magadan Frith suka shiga cinikin da taskar da suka gada, masu hotonsu na komawa gari ɗaya bayan shekaru su sake ɗauka. Ta haka aka samu titi guda a zamanin keken doki, da zamanin mota, da bayan an rushe rabinsa.

Kamfanin ya durƙushe a 1971, hotunan suka kusa salwanta. Masanin tarihin hoto Bill Jay ne ya yi tsaye har kamfanin taba na Rothmans ya saye su, daga baya John Buck ya mayar da su kasuwanci mai zaman kansa. A yau taskar na da hotuna sama da 300,000 na garuruwa da ƙauyuka kimanin 7,000.

Ba dukkan gaskiya take faɗa ba. Kati don sayarwa aka yi shi, shi ya sa ya fi son majami'a da lambu, ya kan kau da kai daga unguwannin leburorin masana'antu. Duk da haka ya zama hujja. Da shi mazauna gari ke nuna abin da aka rushe musu da abin da ya cancanci a kare.

Ina namu?

A shekarar da aka raba bayan katin, 1902, Turawa suka kafa ikonsu a Zariya. Layin dogo ya ratsa ta ya isa Kano a 1911, Sabon Gari ya tashi a bayan ganuwa, haka ma Tudun Wada, wadda ta zama mazaunin 'yan Arewa da ba Zage-zagi ba. Mafi yawan hotunan wancan zamani jami'an mulki da 'yan mishan da 'yan kasuwar Turai ne suka ɗauka, da idonsu da manufarsu, kuma da yawa suna ɗakunan ajiya da hannun masu tarawa a ƙasashen waje.

Abin ɗauka kuwa bai ƙaranta ba. Akwai Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda aka lulluɓe da sabon gini a shekarun 1970. Akwai tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, da aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa. Akwai ganuwa da ƙofofinta, da zaurukan da siminti ke cinyewa ɗaya bayan ɗaya daga Ƙofar Doka zuwa cikin Tudun Wada.

Frith ba gwamnati ba ne, kuma ba don kishin tarihi kaɗai ya yi aikinsa ba. Abin da ya bambanta shi da sauran masu kyamara shi ne lamba da sunan wuri da ajiya. Matasan Zariya na yau suna riƙe da wayoyin da suka fi kayan aikinsa nesa ba kusa ba, akwai kuma tsofaffin hotuna a akwatunan iyaye da shagunan masu hoto na da. In ba a rubuta musu wuri da shekara ba, aka kai kwafinsu inda za su tsira, kamar Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello, ranar da za a yi gardama kan abin da aka rushe, a hannun wasu za a je neman shaida.