Nana Asma'u 'Yar Shehu: Rayuwa a Tsakanin Rashe-Rashe

Duk wanda ya nazarci tarihin Nana Asma'u zai tarar cewa Allah ya yi mata tsawon rai, ya kuma jarrabe ta da ganin tafiyar kusan duk waɗanda ta ƙaunata. An haife ta a Ɗegel wajen shekarar 1793, tagwaye ne ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙanƙanuwa, sai sauran matan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka rene ta.

Tana da kimanin shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Gidan da ta tashi a ciki ta bar shi ke nan, ba komawa. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, kuma a yaƙin Tsuntsuwa jama'ar Shehu sun yi asarar mahaddata Alƙur'ani masu yawa.

A 1817 Shehu ya rasu a Sakkwato. Baffanta Malam Abdullahi na Gwandu ya bi baya, sannan a 1837 yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, abokin shawararta a fagen ilmi, ya cika a Wurno. Daga bisani mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima shi ma ya riga ta gidan gaskiya.

Abin lura a nan, 'yan'uwa, shi ne yadda ta ɗauki waɗannan al'amura. Ba ta ɓoye baƙin cikinta ba, domin marsiyoyin da ta rubuta cike suke da hawaye da kewa. Amma a cikinsu takan lissafa kyawawan halayen mamacin domin na baya su kwaikwaya, ta roƙa masa gafara, ta miƙa lamari ga Mai shi. Ba manya kaɗai ta yi wa ba. Har Zaharatu, wata baiwar Allah mai taimakon mata wajen haihuwa, ta samu nata rabon. A ganina wannan marsiya ta fi sauran nuna ko wace ce Asma'u.

Bayan rasuwar Bello, ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen adana tarihin Shehu da na Bello, don sun fahimci waɗanda suka ga abin da idonsu suna ƙarewa. A wannan zamani ne kuma ta ƙarfafa tsarin 'yan-taru. Takan naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, ita kuwa jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, su koma gida da waƙoƙin wa'azi a ka. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta. Allah ya jiƙanta da rahama.