John Kemeny, malamin da ya buɗe wa ɗalibai ƙofar ɗakin kwamfuta

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin 1 ga Mayu, 1964, a Kwalejin Dartmouth da ke garin Hanover a jihar New Hampshire ta Amurka, aka buga umarni a kan na'urorin rubutu biyu lokaci guda, kwamfuta ɗaya kuma ta amsa wa kowanne daidai. Yau ko yaro mai riƙe da wayar babarsa ba zai ga abin mamaki a nan ba. A wancan zamanin kuwa babban al'amari ne, domin kwamfuta kayan manya ce, ɗalibi sai dai ya hango ta daga nesa. Wanda ya jagoranci aikin shi ne shugaban sashen lissafi na kwalejin, Farfesa John Kemeny.

An haifi Kemeny a Budapest, babban birnin Hangari, ranar 31 ga Mayu, 1926, a gidan Yahudawa. Mahaifinsa ya hango inda guguwar Hitila ta dosa, ya wuce Amurka a 1938, iyalin suka bi shi zuwa Niyok a 1940. Kakansa ya ƙi barin gida, kuma yana cikin waɗanda kisan kiyashin 'yan Nazi ya rutsa da su. Yaron da ya sauka Amurka da baƙon harshe a bakinsa shi ne ya gama sakandare a sahun gaba, ya shiga Jami'ar Princeton a 1943 yana karanta lissafi da falsafa.

Yaƙin duniya na biyu ya katse masa karatu. Aka tura shi Los Alamos, inda ake haɗa bam ɗin nukiliya, ya yi aiki a sashen ƙididdiga ƙarƙashin Richard Feynman. Injinan wurin da kati mai huji suke aiki, lissafi ɗaya sai ya ci makonni. Ya koma Princeton ya kammala digirin farko a 1947, ya yi wa Albert Einstein aikin mataimaki a fannin lissafi, ya samu digirin digirgir a 1949 yana ɗan shekara 23.

To, mai irin wannan tarihi ana sa ran ya ƙule a ɗakin bincike ne, a riƙa jin sunansa a manyan taruka. Sai ga shi a 1953 ya karɓi aiki a Dartmouth, makarantar da ƙarfinta ke wajen koyar da 'yan digirin farko. Bayan shekara biyu ya zama shugaban sashen lissafi, ya riƙe kujerar har 1967. Ya ɗebo matasan malamai, cikinsu har da Thomas Kurtz da ya zo a 1956, ya kuma sake fasalin abin da ake koya wa 'yan ajin farko. Littafin da ya rubuta tare da Laurie Snell da Gerald Thompson a 1957, Introduction to Finite Mathematics, an yi shi ne don ɗalibin da zai karanci tattalin arziki ko halayyar jama'a, wanda lissafin injiniyoyi ba shi yake buƙata ba.

Wannan ɗalibin ne dai ya tsaya wa Kemeny a rai da maganar kwamfuta ta taso. Mafi yawan 'yan Dartmouth ba kimiyya suke karantawa ba, amma daga cikinsu ake samun shugabannin kamfanoni, lauyoyi da 'yan majalisa. Shi da Kurtz suka ga cewa mutanen da za su yanke hukunci a kan kwamfuta gobe bai kamata su fita makaranta ba su taɓa taɓa ta ba.

Sai dai yadda ake aiki da ita a lokacin ya isa ya kori mai haƙurin gaske. Ka rubuta shirinka, a huda shi a kan katuna, ka miƙa wa ma'aikacin da ke tsaron injin, ka tafi. Bayan sa'o'i, wani lokaci sai gobe, ka dawo a ce maka ai ka manta waƙafi ɗaya, ka sake. Ɗan ajin farko da ke da darussa huɗu a kansa, sau nawa zai jure wannan? Ga harsunan ba da umarni irin su FORTRAN, waɗanda aka gina don masana kimiyya.

Maganin da suka kawo kashi biyu ne. Na farko tsarin raba lokaci: kwamfuta ɗaya, mutane da yawa, tana juyawa tsakaninsu da saurin da kowa zai ɗauka shi kaɗai take saurare, kamar gwanin mai shayi da layi ya cika masa amma ba wanda ya ji an bar shi. Na biyu sabon harshe mai suna BASIC, mai kalmomi kaɗan na Turancin yau da kullum irin su PRINT da LET da IF, wanda baƙo zai kama hanyarsa cikin 'yan sa'o'i. Kemeny da kansa ya fara rubuta manhajar da ke fassara wa injin wannan harshe.

Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne waɗanda aka damƙa wa sauran aikin. Ba a ɗauko ƙwararru daga waje ba. Ɗaliban digirin farko ne, irin su John McGeachie da Michael Busch, suka rubuta tsarin da ya haɗa injinan kamfanin General Electric guda biyu, GE-225 da Datanet-30, suka yi ta kwana a kai har ya tashi. Shugaban sashe ya ɗora sunansa da kuɗin tallafin da ya nemo a kan yara 'yan shekara ashirin. Da abin ya wargaje, shi zai sha kunya, ba su ba.

Daga nan ya kafa ƙa'idar da ta bambanta Dartmouth da sauran jami'o'i: kwamfuta kamar laburare take, kowane ɗalibi ya shiga ya yi amfani da ita, ba sai ya nemi izini ko ya faɗi dalili ba. Ko wasa yake so ya yi, ya yi. Aka saka koyon BASIC cikin darussan lissafi na ajin farko, aka ja layukan tarho zuwa makarantun sakandare da ke yankin su ma suka samu. Harshen kuma ba su sayar ba, kyauta suka sake shi.

A 1970 aka naɗa shi shugaban kwalejin na 13, kuma bai ajiye alli ba, ya ci gaba da shiga aji yana koyar da 'yan digirin farko. A zamaninsa ne Dartmouth ta fara ɗaukar mata a 1972, bayan fiye da shekara 200 tana ta maza zalla. Tsofaffin ɗalibai da dama, waɗanda aljihunsu ke riƙe da makarantar, ba su so ba. Dabarar da aka yi ita ce mayar da karatu ya zagaye shekara, zango huɗu har da na bazara, ta yadda za a ƙara yawan ɗalibai ba tare da an rage gurbin maza sosai ba. Ya kuma tono wani tsohon alkawari: takardar kafa kwalejin ta 1769 ta ambaci ilmantar da 'ya'yan 'yan asalin Amurka, amma cikin shekara 200 waɗanda suka kammala daga cikinsu ba su kai ashirin ba. Ya buɗe musu shiri na musamman.

A 1979 Shugaba Jimmy Carter ya ɗora shi a kan kwamitin binciken haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island. Rahoton ya fi ɗora laifin a kan mutane, wato horon ma'aikata da halin hukumomi, fiye da injina.

BASIC fa bai tsira daga suka ba. Masana irin su Edsger Dijkstra na ƙasar Holan sun ga yana koya wa mai farawa rubutun shiri a hargitse, musamman saboda umarnin GOTO da ke sa a yi ta tsalle daga layi zuwa layi. Akwai gaskiya a ciki. Da ƙananan kwamfutoci suka fito, kowane kamfani ya yi wa harshen nasa ɗinkin. Hajar farko ta Microsoft ma, wadda Bill Gates da Paul Allen suka fitar a 1975, wani nau'in BASIC ne. Wasu suka yi arziki da shi, masu shi kuma suna kallon yadda aka rage masa kyau. A 1983 Kemeny da Kurtz suka kafa kamfanin True BASIC don su gyara, amma kasuwa ta riga ta yi nisa. Duk da haka, mai karatu da ya zauna a ajin koyon kwamfuta shekaru talatin da suka wuce, da wuya bai buga 10 PRINT da hannunsa ba.

Ya sauka daga shugabanci a 1981, ya koma sashen lissafi a matsayin malamin aji, ya yi ta koyarwa har 1990. Ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa ranar 26 ga Disamba, 1992, a garin Lebanon da ke maƙwabtaka da Hanover, yana da shekara 66.