Dorugu: Yaron da aka sace daga ƙauye, ya je Ingila, ya ƙare rayuwarsa a Kano

A shekarar 1912, wadda a cikinta jirgin ƙasa ya fara jigilar fasinja da kaya gadan-gadan daga tashar Kano, wani dattijo ya rasu a unguwar Nasarawa, ba nisa da tashar. Sunansa Dorugu. Yawancin mutanen da suka yi ta tururuwa daga Fagge da cikin birni don kallon dogo ba su taɓa ganin jirgi ba, shi kuwa ya shiga jirgin ƙasa a Turai fiye da shekara 50 kafin nan.

Masana harshe sun san shi a matsayin Bahaushen da labarinsa yana cikin rubuce-rubucen Hausar boko na farko-farko. Amma kafin ya zama haka, yana cikin dubban mutanen karkara da aka wayi gari babu su, ba a kuma samu hukumar da ta bi sawunsu ba.

Ƙauyen da ya fito

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yanzu, arewa da Daura. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi.

A wancan zamani Damagaram tana ƙarƙashin Borno, tana kai mata gaisuwa, bayi kuma suna cikin abin da ake kaiwa. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zindar a farkon 1851, ya rubuta yadda ya ga an shigo gari da mutanen da aka kamo daga ƙauyukan da ke ƙarƙashin sarkin kansa, don a sayar da su a biya basussuka.

Ma'anar wannan ga talakan ƙauye a fili take. Idan an ɗauke masa mata ko ɗa, babu inda zai kai kuka, domin wanda zai kai wa ƙarar yana da kaso a cikin cinikin.

Haka ta faru a gidan su Dorugu. Mahaifiyarsa aka fara kamawa. A cikin labarin rayuwarsa da ya bayar daga baya, daga wannan rana ba a sake jin ɗuriyarta ba. Bayan wani lokaci mahara suka dawo, suka kama shi yana ɗan shekara 11 ko 12, aka raba shi da sauran danginsa, aka kai shi Zindar. Daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno, a wajen wani Balarabe.

Ba Damagaram kaɗai ba ce. Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851, ya ƙiyasta cewa ana fitar da bayi kusan 5,000 daga birnin a kowace shekara, ban da waɗanda ake riƙewa a gidaje da rinji. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗan wani ne, kuma akwai ƙauyen da ake jiran dawowarsa.

Daga Kukawa zuwa Timbuktu

A Kukawa ne ya haɗu da Adolf Overweg, Bajamushe abokin tafiyar Barth. Overweg ya fanshe shi tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Ba a jima ba Overweg ya rasu a watan Satumban 1852 a gefen tafkin Chadi, sai yaran biyu suka koma hannun Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim.

A watan Nuwamban 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Sun bi ta Zindar, inda aka taɓa kawo Dorugu a ɗaure, suka wuce Katsina, suka isa Wurno wajen Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka ƙetare Kwara a Say. A watan Satumban 1853 suka shiga Timbuktu, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba Barth mafaka na tsawon watanni.

A hanyar dawowa suka sauka a Kano a watan Oktoban 1854. A 1855 suka ratsa Sahara daga Kukawa zuwa Turabulus, suka haye teku, suka isa Landan a watan Satumba. Barth ya kai su Jamus ma. A lokacin Dorugu bai wuce shekara 16 ba.

Yadda labarinsa ya shiga takarda

Barth ya shirya a mayar da su gida. Sai wani ɗan mishan, James Frederick Schon, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa, ya nemi su zauna a wajensa, abin da ya jawo saɓani tsakanin Turawan biyu. A 1857 aka yi musu baftisma, aka raɗa wa Dorugu suna James Henry. A shekarar ne Abbega ya dawo, daga baya har ya zama Maigarin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna a Ingila har 1864.

A wannan zama ne ya riƙa ba Schon labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da kalmomi, shi kuma yana rubutawa da haruffan boko. Aikin ya shiga littafin nahawun Hausa da Schon ya buga a 1862, da ƙamus ɗinsa na 1876, da kuma littafin Magana Hausa na 1885, wanda ya ƙunshi labarin Dorugu. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka sake fitar da labarin da Turanci tare da bayanai.

Sunan Schon ne a bangon littattafan, amma Hausar da ke ciki yawancinta ta yaron Dambanas ce. Darajar labarin ga masana tarihi ita ce, wanda aka sace ne da kansa yake faɗin sunan ƙauyensu, da yadda aka kama su, da hanyar da aka bi da shi. Yawancin abin da aka rubuta game da cinikin bayi a ƙasar Hausa ya fito ne daga bakin matafiya ko fadawa ko 'yan mulkin mallaka.

Ƙarshen rayuwarsa a Kano

Da ya dawo, ya yi shekaru yana aikin tafinta a yankin Lakwaja da ƙasar Nufe, tsakanin sarakuna da Turawan da ke shigowa ta Kwara. Bayan Ingilishi sun ci Kano a watan Fabrairun 1903 sun rufe kasuwar bayi, ko da yake sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa.

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa. Dorugu, yana tsoho, ya zama ɗaya daga cikin masu koyarwa a wurin. Yana nan aka shimfiɗo layin dogo daga Baro, ya iso Kano a 1911. Fagge, zangon da ayarin raƙuma daga arewa ke sauka, irin ayarin da ya taɓa bi zuwa Turabulus, ta wayi gari da sabuwar maƙwabciya, ba da daɗewa ba kuma aka yanka filin Sabon Gari don baƙin da jirgi ke kawowa.

Ya rasu a ƙarshen 1912. Matar Ɗan Hausa, Isabelle Vischer, ta rubuta cewa a cikin kayan da ya bari an samu tabarau da tufafin Turawa da kuɗin da ya daɗe yana adanawa.

Abin da bai canja ba

Fiye da shekara 170 bayan sace Dorugu, mutanen karkara a Zamfara da Katsina da Sakkwato da kudancin Maradi suna kwana da fargabar da iyayensa suka sani. Ana ɗauke mutum daga gona ko daga ɗakinsa. Wanda aka nemi kuɗin fansa a kansa, danginsa sun san yana raye. Wanda aka ji shiru, sau da yawa ko a littafin ofishin 'yan sanda sunansa ba ya shiga, saboda nisa ko tsoro ko yanke ƙauna.

Ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa ta Red Cross ta ce mutanen da aka yi rajistar ɓacewarsu a wajenta a Najeriya sun haura 20,000, adadi mafi yawa a Afirka, fiye da rabinsu kuma yara ne a lokacin da suka ɓata. Yawancinsu daga Arewa maso Gabas suke, kuma waɗanda aka kai rahotonsu ne kawai.

Kano ma ta ɗanɗana. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka sanar da gano yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Sauna da Kawo da Yankaba da Dakata, aka kai su Anaca a jihar Anambra, aka canja musu suna. Gwamnatin jihar ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai shari'a Wada Umar Rano, a 2021 kuma kotu ta yanke wa jagoran masu satar hukuncin ɗaurin shekara 104. Abin da ya riƙe maganar har ta kai nan shi ne, iyayen yaran sun haɗa kai, sun tattara sunaye da hotuna da ranakun da 'ya'yansu suka ɓata, sun ƙi yin shiru.

Wannan ne matakin farko na kowane bincike, kuma bai fi ƙarfin dagaci ko limami ko kansila ba: a rubuta sunan wanda ya ɓata, da ƙauyensu, da ranar, da inda aka gan shi na ƙarshe, a kai wa hukuma, a riƙe kwafi. Dorugu da mahaifiyarsa gida ɗaya suka fito, masifa ɗaya ta same su. Shi an san inda ya je har inda ya rasu domin an rubuta. Ita kuwa, iyakar abin da duniya ta sani game da ita shi ne ɗan abin da ɗanta ya faɗa a Ingila.